Mene ne "filin aiki" a manhajar ƙera siffofin 3D?

Duk wanda ya taɓa buɗe Blender, ɗaya daga cikin manhajojin ƙera siffofin 3D, a karon farko ya san tsayawar cak ɗin nan da ake yi. Ga wani ɗan akwati mai ruwan toka a tsakiyar fuskar kwamfuta, ga kyamara da fitila a gefensa, layuka sun sassarƙe a ƙarƙashinsa kamar raga, ko'ina ka duba kuma maɓallai ne da ƙananan rubuce-rubuce. Hannu na kan maus, amma ka rasa inda za ka taɓa, tsoronka kada ka taɓa ka ɓata. To wannan shimfiɗar da ke gabanka, da yadda aka rarraba ta, ita ce masu sana'ar ke kira workspace da Turanci. Mu a nan za mu ce mata filin aiki.

Filin aiki jerin tagogi ne da aka tsara domin wani nau'in aiki. Abin da kake ƙerawa, kujera ce ko mota ko kan mutum, yana zaune wuri guda cikin fayil, kowace taga kuwa ta wata fuska take leƙa shi. Babbar ta tsakiya ita ke nuna maka siffar da tsawonta da faɗinta da zurfinta. Ta sama a hannun dama tana lissafo sunayen duk abin da ke cikin aikin. Ta ƙasanta gidan lambobi ce: girman abu, launinsa, ƙarfin hasken fitila. Siririyar da ke kwance can ƙasa lokaci take aunawa, ta masu sa zane ya yi motsi ce. Ko ka rufe taga, ko ka matsar da ita, ko ka mayar da ita wata iri, kujerar ba ta ma san an yi ba. Wanda ya gane haka, rabin tsoronsa ya tafi.

Idan ka ɗaga ido can sama za ka ga sunaye a jere: Layout, Modeling, Sculpting, UV Editing, Shading, Animation da sauransu. Kowane suna filin aiki ne mai zaman kansa. Ka latsa Sculpting, tagar lokaci ta ɓace, kayan sassaƙa su bayyana, siffar ta koma kamar yumɓu a hannunka. Ka latsa Shading, a buɗe maka inda ake haɗa launi da sheƙi da kaushin jiki. Aikin dai shi ne, kayan da aka ajiye maka kusa da hannu ne suka canza.

Wannan tsari bai daɗe ba. Ton Roosendaal, ɗan ƙasar Holan, ya fara rubuta Blender ne a 1994. Da kamfaninsa ya durƙushe a 2002, masu amfani da manhajar suka yi karo-karo har Yuro 100,000 aka fanso ta, ta zama ta kowa kyauta. Amma shekara da shekaru ana yi mata kallon mai wuyar sha'ani, har zaɓen abu ma da maɓallin dama na maus ake yi, saɓanin kusan kowace manhaja. Sai da Blender 2.80 ta fito a watan Yulin 2019 aka mayar da zaɓe hagu, aka kuma jera filayen aikin nan a sama. Manhajar Maya ta kamfanin Autodesk ma tana da irin nata filayen, don haka kalmar ba ta Blender kaɗai ba ce.

Kafin mutum ya fara gyara filin, sai ya iya yawo a cikinsa. Ka danne tayar tsakiyar maus ka ja, sai ka zagaya akwatin. Ka haɗa da Shift, sai ka gusa gefe. Ka murza tayar, ka matso ko ka ja baya. A rukunin lambobin da ke hannun dama na kibod, 1 yana nuna maka abu ta gaba, 3 ta gefe, 7 ta sama, 0 kuma ta idon kyamara. Akwai ranar da za ka yi ta jujjuyawa har akwatin ya ɓace maka, ka ga fili fayau ba komai. Bai goge ba, kai ne ka ɓace. Ka latsa Home, komai ya dawo gabanka. Jan layin da ya ratsa filin shi ne X, koren Y, shuɗi kuma Z, wanda a Blender shi ke kallon sama. A Maya Y ne ke kallon sama, shi ya sa wani lokaci siffar da aka kwaso daga wata manhajar takan iso a kwance.

Ga wani abu da ke ɗaure wa sababbi kai fiye da komai: maɓallan kibod suna yi wa tagar da kibiyar maus ke kanta biyayya ne. Ka latsa G kibiya na kan babbar taga, siffar ce za ta matsa. Ka latsa shi kibiya na kan tagar lokaci, alamomin motsi ne za su gusa. Sau da yawa mai koyo yakan rantse manhajar ta lalace, alhali kibiyarsa ce ta zame zuwa maƙwabciyar taga.

Gyaran kansa ba wuya. Ka kai kibiya kan iyakar tagogi biyu ka ja, ɗaya ta faɗaɗa ɗaya ta tsuke. Ka latsa maɓallin dama a kan iyakar, za a ba ka zaɓin tsaga taga biyu ko haɗe biyu su zama ɗaya. A kusurwar sama ta hagu ta kowace taga akwai wata 'yar alama, da ita ake mayar da taga kowace iri ake so. A ce kana ƙera kujera daga hoto, kuma babu ruwanka da motsi. Sai ka mayar da tagar lokaci ta zama mai nuna hoto, ka ja ta ta ƙara tsawo, ka tsaga babbar tagar biyu, ɗaya na kallon kujerar ta gaba ɗaya ta gefe. Ka latsa sunan filin sau biyu ka raɗa masa suna. Shi ke nan ka yi naka filin. Idan wuri ya yi maka kaɗan, Ctrl da Space suna cika fuskar kwamfuta da tagar da kake kai, T da N kuma suna ɓoye ko fito da kayan aikin hagu da bayanan dama.

Sauran gyaran yana cikin Preferences, ƙarƙashin Edit. Mai ƙaramar laftof ko mai fama da ido ya fara da ƙara girman rubutu a sashen Interface. Wanda maus ɗinsa ba shi da taya, ko kibod ɗinsa ba shi da rukunin lambobin dama, akwai zaɓuɓɓuka biyu a sashen Input da ke cike masa gurbi. Sai dai kowanne da abin da yake ci. Na lambobin yana ƙwace 1, 2 da 3 na saman kibod, waɗanda da su ake sauyawa tsakanin ɗigo da layi da fuska lokacin gyaran siffa. Na maus ɗin kuma yana kame Alt, wanda ake zaɓen zagayen layi da shi. A ganina, maus mai taya ya fi duk waɗannan dabaru sauƙi.

Inda nake ja wa mai koyo birki shi ne sauya maɓallan kibod. Blender ta yarda ka canza kowanne, har ma tana da wani tsari mai suna Industry Compatible domin waɗanda hannunsu ya saba da wasu manhajojin. Amma kusan duk darasin da za ka bi, da maɓallan asali aka yi shi. Malam ya ce latsa kaza, kai naka ya yi wani abu dabam, ka ga an shiga ruɗani. Gara ka yi 'yan makonni a tsarin da ka tarar, abin da ka ga kana yawan nema ka sa shi cikin jerin Quick Favorites da ke fitowa da Q, wanda ka manta inda yake kuma ka neme shi da F3.

Saura adanawa. Filin aiki cikin fayil ɗin aikin yake zama, don haka idan ka buɗe sabon aiki ba za ka tarar da tsarin da ka sha wahalar yi ba, sai in ka shiga File, Defaults, ka latsa Save Startup File. Ka kula, duk abin da ke kan fili a lokacin shi ma zai bi, har kujerar da ba ka gama ba. Haka kuma idan wani ya turo maka fayil, da tagoginsa zai zo, sai dai in ka cire alamar Load UI wajen buɗewa. In kuwa ka dagula wani fili har ka kasa gane kansa, ka goge shi, ka latsa alamar + da ke ƙarshen jerin sunayen ka ɗauko sabo. Load Factory Settings, a can ƙarƙashin Defaults, shi ke mayar da komai yadda ya zo ranar farko, har da ɗan akwatin nan mai ruwan toka.