Waiwaye: Yadda Vincent de Paul ya sa wa sadaka tsari

Wata Lahadi cikin watan Agustan 1617, a garin Chatillon-les-Dombes na ƙasar Faransa, Fada Vincent de Paul, limamin cocin Katolika na garin, yana shirin fara sujada sai aka kawo masa labarin wani gida a bayan gari da ciwo ya kwantar da kowa, ba mai iya miƙa wa wani ruwa. Ya sako maganar cikin wa'azinsa. Da yamma ya kama hanyar gidan, sai ga mata ayari-ayari, wasu na zuwa wasu na dawowa, kowace da abin hannunta. Ya ji daɗi, amma hankalinsa bai kwanta ba. Abincin da aka jibge rana guda lalacewa zai yi, bayan kwana biyu kuma mutanen gidan su koma gidan jiya.

Cikin 'yan kwanaki ya tara wasu matan garin, aka raba aiki, kowace ta ɗauki ranarta. Ƙa'idar da ya rubuta musu ta shiga har lungu-lungu. Mai aikin ranar za ta dafa, ta kai da kanta, ta gaida majinyaci da sakin fuska, ta yayyanka masa naman idan hannunsa ba ƙarfi. Sannan ta fara da masu 'yan uwa a kusa, ta ƙare da wanda ba shi da kowa, domin ta samu ta daɗe a wajensa. Wannan na ƙarshen ya fi taɓa min zuciya, don sai wanda ya zauna da marar gata ne zai san kaɗaici ma ciwo ne.

Shi kansa ɗan talakawa ne. An haife shi a 1581 a ƙauyen Pouy, ya tashi yana kiwon dabbobin mahaifinsa, ya zama fada a 1600 yana ɗan shekara 19. A farkon aikinsa muƙami mai maiƙo yake nema, sai daga baya zama da talakawan karkara ya juya masa tunani. A 1619 aka ɗora masa kula da fursunonin da ake ɗaurewa da sarƙa suna tuƙa jiragen ruwan sarki, a 1625 kuma ya kafa ƙungiyar fadoji masu wa'azi a ƙauyuka.

Da tsarin Chatillon ya iso birnin Faris, sai ya ci karo da matsala. Matan manya suna da kuɗi, amma ɗaukar tukunya zuwa ɗakin talaka ya yi musu nauyi, wasu sai su tura barorinsu. Wata makiyayiya, Marguerite Naseau, wadda ta koya wa kanta karatu a bakin kiwo, ta zo ta ce ita za ta yi. Annoba ta ɗauke ta a 1633 tana tsaka da jinyar masu ita. A shekarar ne Vincent da wata mai taimaka masa, Louise de Marillac, suka kafa ƙungiyar 'yan mata masu hidimar mabukata. A zamanin, sistoci, wato matan da suka keɓe kansu ga hidimar coci, a killace suke bayan katanga, don haka waɗannan ba su ɗauki alkawarin har abada ba, duk shekara suke sabunta shi, abin da ya ba su damar shiga unguwanni da asibitoci. Daga 1638 suka fara rainon jariran da ake yarwa a titunan Faris.

Vincent ya rasu ranar 27 ga Satumba, 1660, Cocin Katolika ta ayyana shi waliyyi a 1737. A 1833 wani ɗalibi, Frederic Ozanam, da abokansa suka kafa ƙungiya mai ɗauke da sunan Vincent a Faris. Yau tana da rassa a ƙasashe da dama, har da majami'un Katolika na Najeriya, kuma babban aikin mambobinta shi ne su je su iske mabukaci har gida, su biyu-biyu.