Ƙurar roba a cikin gidaje

Ƙurar roba ita ce ɓurɓushin roba da girmansa bai kai milimita 5 ba, wanda ke kankarewa daga kayan gini da kayan ɗaki idan sun tsufa, ya gauraya da ƙurar gida. Wanda ke yawo a iskar ɗaki galibi siraran zare ne da ido ba ya gani.

Tarihin bincike

Tun wajajen shekarun 1970 ake tsintar guntayen roba a teku, amma batun ya yi suna ne bayan binciken Richard Thompson na Jami'ar Plymouth a Ingila a 2004. An daɗe hankali na kan ruwa kafin a waiwayi ɗaki. A 2017 Rachid Dris da abokan aikinsa suka auna iskar gidaje biyu da ofis ɗaya a Faransa, suka samu zare 1 zuwa 60 a kowace mita kubik, alhali a waje bai wuce 0.3 zuwa 1.5 ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na roba, sauran auduga ce da danginta.

Yadda take samuwa

Ledar ɗaki da ake yi da nau'in robar da ake kira PVC tana da laushi saboda sinadaran fitalet da ake zuba mata. Sinadaran ba su da ɗauri da robar, don haka a hankali suke fita, ledar ta bushe ta tsage, takalmi da ƙafar kujera su riƙa niƙe ta. Zafi da hasken rana na gaggauta wannan, shi ya sa gefen da ke kusa da taga yake riga lalacewa. Silin roba da ke ƙarƙashin rufin kwano shi ma zafi na gasa shi.

Fentin zamani roba ce ke riƙe launinsa. Idan ta ruɓe, bango kan bar farin gari a tafin hannu, kuma goge shi da samfefa a bushe na tayar da ƙura mai yawa. Soson katifa da na tare zafi kan koma rawaya ya marmashe. Kafet da labule na zubar da zare.

Lafiya

Ɓurɓushin da bai kai maikiromita 10 ba (maikiromita dubu ne ke yin milimita ɗaya) na shiga hanyar numfashi, wanda bai kai 2.5 ba kuwa har can cikin huhu. A 2022 masu bincike a birnin Hull na Ingila sun samu roba a samfurin huhu 11 cikin 13. An san ciwon huhu a tsakanin ma'aikatan masana'antar zaren nailan a Amurka tun shekarun 1990, sai dai ƙurar da suke shaƙa ta fi ta gida nesa ba kusa ba. Illar ƙurar gida har yanzu ana muhawara a kanta.

Rage ta

Shara da tsintsiya a bushe mayar da ƙurar iska take yi. Tsumma mai danshi ya fi. Matatar iska da ake kira HEPA na kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyi masu girman maikiromita 0.3. Kafin a kankare tsohon fenti, a jiƙa bangon, a buɗe tagogi, a fitar da yara daga ɗakin.