Kafin a sayi maganin ƙarin jini, a duba layin MCH

Jama'a, in aka ce wa mutum a asibiti "jininka ya yi ƙasa", tambaya ɗaya yake yi: nawa ne? Sai a ce masa PCV ɗinsa, wato ma'aunin yawan jininsa, 28 ne, ya riƙe lambar a ka, ya zarce kemis ya sayi kwalbar maganin ƙarin jini. Tambayar da ta fi wannan nauyi ba a cika yin ta ba, wato me ya jawo jinin ya yi ƙasa. Alhali sau da yawa bakin zaren amsar yana cikin takardar da ya ninke ya cusa a aljihu, a wani layi da aka rubuta MCH, mai nuna abin da kowace ƙwayar jini ke ɗauke da shi.

Ƙarancin jini ba ƙaramar matsala ba ce a wurinmu. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna yara 68 cikin 100 'yan wata 6 zuwa 59 suna da shi, haka ma mata 58 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49. Amma ba abu ɗaya ne ya kawo wa dukkansu ba, don haka magani ɗaya ba zai yi wa kowa ba.

A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi da ɓargo ke ƙerawa, kowace tana yin kimanin kwana 120 kafin ta mutu a sauya ta da sabuwa. Kowace ƙwaya tana ɗauke da wani sinadari mai suna himogulobin. Shi ne ke ba jini launin ja, shi ne kuma ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ta ƙwaƙwalwa da zuciya da sauran gaɓoɓi. Ku dubi mai kurar ruwa. Zai iya shigowa unguwa da jarka goma cif, amma in kowace rabi aka zuba mata, ruwan jarka biyar ya kawo. Ƙirga jarkoki daban, sanin abin da ke cikin kowace jarka daban. MCH shi ne matsakaicin himogulobin da ke cikin ƙwayar jini guda ɗaya.

Ana auna shi da fikogiram, wani ɗan ƙanƙanin ma'aunin nauyi, za ku ga an rubuta pg a gefen lambar. Ga babban mutum, yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar 27 zuwa 33 a matsayin daidai, sai ɗan bambanci tsakanin wani ɗakin gwaji da wani, shi ya sa ake buga ma'aunin a gefen sakamakon. Na yara ƙanana ya fi haka ƙasa, na jarirai sabbin haihuwa kuma ya fi haka sama, kada uwa ta gwada takardar ɗanta da tata. Lissafin ba shi da wuya: a raba himogulobin da adadin jajayen ƙwayoyi, a ninka da goma. Matar da himogulobin ɗinta ya nuna 9, adadin ƙwayoyinta kuma 4.0, MCH ɗinta 22.5 ke nan. Ƙwayoyin suna nan da yawansu, amma kowace ta ɗashe.

Ba a yin gwajin MCH shi kaɗai. Yana fitowa ne cikin cikakken gwajin jini da likita ke rubutawa FBC, tare da ɗan uwansa MCV mai nuna girman ƙwayar, wanda daidansa 80 zuwa 100 ne, kuma galibi tare suke hawa tare suke sauka. Jini kaɗan ake ɗiba a hannu, bai cika ƙaramin cokali ba, kuma ba sai an ƙi cin abinci ba. Ina faɗin haka ne saboda iyayenmu mata da ke cewa, "Jinin da babu shi za a kuma ɗiba?" Hajiya, abin da ake ɗiba ba ya rage komai. Gwajin PCV da ake yi a ƙananan asibitoci yana da amfani kuma ya fi arha, sai dai yawan jinin kawai yake faɗa, ba ya nuna hanyar gano dalili.

In MCH ya sauka ƙasa da 27, abin da muka fi zargi shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda ake kira ayon, domin da shi jiki ke haɗa himogulobin. A nan nake so mu tsaya sosai. Ayon yana ƙarewa ne ko dai don ba ya shiga jiki yadda ya kamata, ko don buƙata ta ƙaru, ko kuma don jini yana zuba ta wani wuri. Mai ciki tana ciyar da jiki biyu. Wadda ke haihuwa a kai a kai ba ta samun lokacin mayar da abin da ta rasa. Budurwar da al'adarta ke wuce kwana bakwai ko take zubar da gudaji tana asara duk wata, kuma kunya ta hana ta faɗa wa kowa. Yaron da aka yaye da koko zalla ba ya samun abin da zai gina jini. Akwai tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa ta riƙa tsotsar jini a hanji, akwai tsargiya da yara ke ɗaukowa a wankan rafi da kududdufi har su riƙa fitsarin jini, akwai basir mai zubar da jini, akwai gyambon ciki, musamman ga masu shan maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen kullum ba da umarnin likita ba.

Magidanta, wannan taku ce. Namiji baligi ba ya al'ada, ba ya haihuwa. In MCH ɗinsa ya yi ƙasa kuma aka tabbatar ayon ne ya ƙare, tilas a nemo inda jinin ke bi. Haka ma macen da ta daina al'ada. Bayan gida baƙi kamar kwalta, ko jini a cikinsa, ko rama ba dalili, abubuwa ne da ake bincike a kansu, don wani lokaci ciwon dajin hanji da haka yake fara nuna kansa. Wanda ya rufe wannan da maganin ƙarin jini wata shida, lambar za ta ɗan hau, cutar kuma tana can tana girma. Wannan ne abin da ya fi damuna a duk maganar nan.

Ba kowane ƙarancin MCH ba ne na ayon. Wasu sun gaji ƙananan ƙwayoyin jini daga iyaye, abin da ake kira talasimiya mai sauƙi, kuma ana samun ta sosai a Afirka ta Yamma. Irin waɗannan lafiyarsu ƙalau, ko sun shekara suna shan ayon lambar ba za ta motsa ba. Doguwar jinya ma tana saukar da shi. Gubar dalma ita ma tana hana jiki haɗa himogulobin, kuma ba mu manta da abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010 ba, inda ɗaruruwan yara suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinare da ake daka a cikin gidaje. Don rarrabe waɗannan ne likita kan ƙara rubuta gwajin feritin, mai nuna ajiyar ayon a jiki.

In kuwa MCH ya haura 33, ƙwayoyin sun yi girma fiye da kima. An fi samun haka a ƙarancin bitamin B12 ko folik asid, da ciwon hanta, da yawan shan barasa. Mai ƙarancin B12 kan ji ƙafafunsa sun mutu ko kamar ana tsira masa allura, ga mantuwa, kuma in aka bar shi ya daɗe jijiyoyin ba lallai su dawo daidai ba. Ayon ba ya yi masa komai. Mai sikila da ke shan hydroxyurea shi ma nasa yana hawa, wannan aikin maganin ne, kada ya tsorata ya daina sha.

Akwai kuma wanda jininsa ya yi ƙasa sosai amma MCH ɗinsa daidai yake. Haka maleriya ke yi, don fasa ƙwayoyin take yi, haka zubar jini na farat ɗaya, haka ciwon ƙoda, haka yawancin masu sikila. Iyayen masu sikila, don Allah kada ku ba su maganin ƙarin jini mai ayon sai an gwada an ce suna buƙata, musamman waɗanda ake yawan yi wa ƙarin jini, domin ayon yana taruwa ya cutar da hanta da zuciya. Wanda aka ƙara wa jini kwanan nan kuma ya faɗa kafin a yi masa gwaji, don ƙwayoyin wani sun gauraya da nasa.

Wanda aka tabbatar ayon ne matsalarsa, ƙwayar magani mai arha ta isa, matuƙar ya jure. Cikin 'yan makonni zai ji ƙarfi ya dawo, amma ana ci gaba da sha kimanin wata uku bayan jinin ya daidaita, don a cika ajiyar da ta ƙare. Bayan gida zai yi duhu, wasu kan ji tashin zuciya ko taurin ciki. A koma wurin ma'aikacin lafiya ya gyara yadda ake sha, kada a ajiye. A raba shi da shayi da madara, don suna hana shi shiga jiki, a haɗa shi da lemo ko gwaba. Malt da madarar gwangwani da ake haɗa wa mai jego ba sa ƙara jini, jan launin zoɓo ma ba jini ba ne. Kuɗin gara a sa su a nama, kifi, wake, zogale, alayyahu da riɗi. A kuma ɓoye ƙwayoyin maganin inda yaro ba zai kai ba, don in ya haɗiye da yawa suna kisa.

Masu ciki ba sa jiran sai MCH ya faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta sha ayon da folik asid kullum, su ne ake bayarwa a wurin awo. Wadda ta ga tana kwaɗayin cin ƙasa ko tauna ƙanƙara, ko tana haki daga ɗan aiki kaɗan, ko jiri da bugun zuciya, ta faɗa wa nas a rubuta mata FBC. In kuma tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat, ga haki ko a zaune, ga kumburin ƙafa, ko yaro ya kasa shan nono yana numfashi da sauri, ba a jiran ranar awo ko sakamakon wani gwaji, a tafi asibiti a ranar.