Zaurancen 'Yan Cockney na Landan: Tambayoyi da Amsoshi

Su wane ne 'yan Cockney?

Talakawan gabashin Landan ne, 'yan tireda da 'yan dako da ma'aikatan tashar jiragen ruwa. A al'adance, cikakken ɗan Cockney shi ne wanda aka haifa a inda ake iya jin ƙararrawar cocin St Mary-le-Bow da ke titin Cheapside a tsakiyar Landan.

Yaya salon maganar tasu yake?

Sukan ajiye kalmar da suke nufi, su kawo wasu kalmomi biyu ko uku waɗanda ta ƙarshensu ta yi amsa-amo da ita. Matakalar bene a Turanci ita ce "stairs", sai su ce "apples and pears", wato tuffa da wani ɗan itace mai kama da ita. Waya kuwa "dog and bone" ce, kare da ƙashi, saboda "bone" ta dace da "phone".

Gwanintar ta fi fitowa a mataki na biyu, inda ake yar da kalmar da ke ɗauke da amon. Kai, wato "head", ya zama "loaf of bread", daga nan aka gutsure ya koma "loaf" kaɗai. Idan aka ce maka "use your loaf", ana nufin ka yi amfani da hankalinka, ba zancen burodi ake ba. Haka "have a butcher's" ke nufin ka duba, daga "butcher's hook", ƙugiyar mahauci, mai amo da "look". Baƙo ba shi da bakin zaren da zai kama, kamar mai sauraren zaurancen 'yan mata bai san dokarsa ba. A ganina nan ne daɗin abin yake.

Yaushe aka fara?

Wajen shekarun 1840. Wani mawallafi ɗan Ingila, John Camden Hotten, ya tattara misalai a ƙamus ɗinsa na 1859. Ana yawan cewa an ƙirƙiro shi ne don ɓoye zance daga 'yan sanda, amma raha da wasa da harshe a kasuwa ma sun taka rawa.

Akwai waɗanda ma'anarsu ke da zolaya a ciki?

Akwai. Matar aure, "wife", ita ce "trouble and strife", rigima da tashin hankali. Aboki "china" ne, daga "china plate" da "mate". Ƙarya kuwa "porkies", daga "pork pies" da "lies". Har sunayen mutane ana ara: Ruby Murray, mawaƙiyar Belfast da ta yi tashe a shekarun 1950, sunanta ya zama miyar kori, "curry".

Har yanzu ana yi?

Ya ragu a gabashin Landan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu iyalai da yawa sun ƙaura zuwa Essex, yankin da ke maƙwabtaka da gabashin Landan, matasan unguwannin kuma yanzu suna da nasu salon mai ɗauke da tasirin Jamaika da wasu ƙasashe. Sai dai kalmomi irin su "porkies" da "loaf" sun shige Turancin Ingila na yau da kullum, masu faɗinsu da dama ba su ma san daga ina suka fito ba.