Waiwaye: Me ya kai Rumawa dazukan Jamus?

Kafin Rumawa su yi kwaɗayin ƙasar Jamusawa, tsoronta suka fara ji. A shekara ta 105 kafin Miladiyya, ƙabilar Kimbri da ƙawayenta daga arewa suka yi wa sojojin Rum kaca-kaca a Arausio, a kudancin Faransa ta yau. Sai da janar Marius ya murƙushe su a 102 da 101 hankalin birnin ya kwanta, amma tabon bai gushe ba.

Da Julius Kaisar ya cinye Gaul, wato yankin Faransa ta yau da kewayenta, matsalar ta sake kama. Gaul ce saniyar tatsa: ga gonaki, ga garuruwa, ga haraji, kuma kogin Rhine kaɗai ya raba ta da ƙabilun da ke tsallakowa su yi ɓarna su koma. Shi ya sa Kaisar ya kafa gada ya haye kogin a 55 da 53, ya nuna ƙarfi ya dawo. A wajen shekara ta 16 kafin Miladiyya mayaƙan ƙabilar Sugambri suka fatattaki gwamna Lollius har suka ƙwace tutar gaggafa ta rundunarsa. Daga nan sarki Augustus ya tura Drusus, ɗan matarsa, wanda ya yi yaƙi daga 12 zuwa 9 har ya kai kogin Elbe. A ganina akwai siyasar gida a nan: sarautar Augustus sabuwa ce, 'ya'yan gidansa na bukatar nasarar da za su shiga birni da ita.

Batun dukiya fa? Akwai, sai dai ba ta taka kara ta karya ba. An haƙo dalma, domin an tsinci curinta masu hatimin Jamus a jiragen Rumawa da suka nutse a Bahar Rum. An samu bayi da samarin da za a ɗauka soja. A Waldgirmes, gabas da kogin Rhine, ma Rumawa sun fara gina gari sukutum da dandalin kasuwa, alamar zama suka zo yi. Amma ƙasa ce ta daji da fadama, babu manyan birane, kuɗi ba sa yawo sosai. Dubi mutanen Frisia, a gaɓar tekun Netherlands ta yau: da kirgin shanu suke biyan haraji. A shekara ta 28 Miladiyya wani jami'i, Olennius, ya ce sai kirgi mai faɗin na bijimin dawa zai karɓa, alhali shanunsu ƙanana ne. Suka ba da shanu, suka ba da gonaki, har mata da 'ya'ya, daga ƙarshe suka yi bore. Wannan labarin yana taɓa ni, don ya nuna talaucin mutanen da ake son a tatsa.

Tun kafin nan ma lissafi ya riga ya ɓaci. A shekara ta 9 Miladiyya, Arminius na ƙabilar Cherusci, wanda ya yi wa Rum aikin soja, ya ja gwamna Varus cikin dajin Teutoburg, aka hallaka runduna uku, ta 17 da 18 da 19. Germanicus, ɗan Drusus, ya kai hare-haren ramuwa daga 14 zuwa 16, guguwa ta cinye masa jirage, sarki Tiberius ya kira shi gida, yana ganin gara a bar ƙabilun su ci junansu.

Abin da Rum ta ƙara daga baya kaɗan ne. Bayan yaƙin sarki Domitian da ƙabilar Chatti a 83 Miladiyya, ta riƙe kusurwar da ke tsakanin kogunan Rhine da Danube don dakaru su rage tafiya, sannan sannu a hankali ta kewaye ta da shinge da hasumiyoyin tsaro mai tsawon kusan kilomita 550.