Malami mai shirin koyarwa a ƙasar waje: yi gwajin lafiya a gida kafin ka biya kuɗin biza

Tun watan Fabrairun 2023 da Ingila ta ba malaman Najeriya damar neman lasisin koyarwa a fannoni irin su lissafi da kimiyya, wasu malamanmu na Katsina da Daura suka fara haɗa takardu. Wasu kuma Saudiyya ko Katar ko Daular Larabawa suka nufa, ko shirin TAC na gwamnatin tarayya da tun 1987 yake tura ma'aikata ƙasashen Afirka da Karibiyan na shekara biyu. Duk inda aka dosa, akwai gwajin lafiya a gaba, kuma a nan ne tafiyar mutane da dama ke watsewa bayan sun sayar da fili sun biya dillali.

Shawararmu ita ce, wata uku kafin ka miƙa fasfo, ka je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko babban asibitin Daura ka yi gwajin da kanka. Wannan sakamakon ba shi ofishin jakadanci zai karɓa ba, domin kowace ƙasa tana da asibitocin da ta amince da su. Amfaninsa ka san matsayinka tun kuɗinka na aljihunka kuma ba ka ajiye aikinka ba.

A jini ana duba cutar HIV, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere, sau da yawa har da sukari da aikin ƙoda. Ciwon hanta nau'in B ne ya fi ba mutane mamaki. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya na ɗauke da shi, kuma mafi yawansu garau suke, ba shawara ba ramewa, tun suna jarirai suka kamu. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf kan hana izinin aiki saboda shi, musamman ga mai aiki da ƙananan yara, yayin da Ingila ba ta sa shi cikin sharuɗɗan biza ba. Saboda haka wanda aka samu da shi ya ga likita don kula da hantarsa, sannan ya sake tunanin ƙasar da zai nema. Wanda ba shi da shi ya fara rigakafi: allura uku, ta farko yau, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Amma kada a yi allurar dab da ranar gwaji, domin takan sa gwajin ya nuna kamar akwai cutar na kusan mako biyu zuwa uku.

Hoton ƙirji na tarin fuka ne. Ingila na buƙatar takardar shaidarsa daga duk ɗan Najeriya da zai zauna fiye da wata shida, ana yin sa a cibiyoyin da ta amince da su a Abuja da Legas, takardar kuma wata shida take aiki. In hoton ya nuna wata inuwa, sai a karɓi majina sau uku a safiya uku, a shuka ta a ɗakin gwaji, jiran sakamako kan kai mako takwas. Wanda ya taɓa shan maganin tarin fuka na wata shida ya warke, ya nemo katinsa na shan magani da tsohon hotonsa, don tabon huhu ba ya gogewa, kuma wasu ƙasashen Larabawa ko tabon kaɗai suka gani sukan ce mutum bai cancanta ba. Malama mai juna biyu ta faɗa kafin ta shiga ɗakin hoto.

Sai fitsari, inda ake neman alamar shan ƙwaya, wanda shi ne ya fi buƙatar dogon bayani. Ana ba ka ƙaramin kofi, ka zuba kamar mililita 30 zuwa 45. Cikin minti huɗu ma'aikaci zai duba zafinsa, dole ya kasance tsakanin digiri 32 da 38. Fitsarin da aka zo da shi cikin kwalba daga gida ba ya kai wannan. Wanda kuma ya ɗirki ruwa don ya wanke jikinsa, sinadarin kiriyatinin da ake aunawa a fitsari zai faɗi ƙasa da ma'aunin 20, a rubuta cewa an tsarma fitsarin, a sa shi ya sake, wani wurin ma a ɗauke shi a matsayin wanda ya faɗi. Tsamiya, lemun tsami, kanwa, madara, babu wanda ke goge komai, sai dai kanwar ta wahalar da ƙoda.

Kodin da tiramol kan bayyana a fitsari na kwana biyu zuwa huɗu. Diazepam, wanda mutane ke sayen sa a kemis don barci, yakan kai kwana goma, ga mai sha kullum har makonni. Wiwi kuwa yana maƙalewa a kitsen jiki: wanda ya sha sau ɗaya kamar kwana uku, mai sha kullum wata guda ko fiye. In gashi aka yanka, yana nuna abin da aka sha cikin kwana 90. Ba mun kawo lissafin nan don a ƙirga kwanaki a tsallake ba. Mai shan tiramol kullum, ko da da sunan ƙarfin aiki ko ciwon baya ya fara, in ya yanke rana ɗaya zai sha zufa, ciwon gaɓoɓi, gudawa da rashin barci, yawanci ya koma. Likita ne ke rage masa a hankali cikin makonni, kuma gara a yi wannan a Katsina da a yi shi a ɗakin tsare mutane a ƙasar da ba ka da kowa.

Akwai kuma wanda bai taɓa shaye-shaye ba amma gwajin farko ya kama shi. Maganin mura mai pseudoephedrine kan fito kamar amfetamin. Rifampicin na tarin fuka da ofloxacin na taifot kan fito kamar dangin kodin, efavirenz na HIV kuma kamar wiwi. Mai farfaɗiya da ke shan phenobarbitone tabbas zai nuna. Kada ka daina maganin da likita ya ɗora ka a kai. Rubuta duk abin da ka sha cikin wata guda a fom ɗin kafin ka ba da fitsari, ka haɗa da takardar likita mai hatimi da kwalin maganin. In sakamako ya fito ba daidai ba, nemi a yi gwajin tabbatarwa da na'urar GC-MS, wadda ke bambance magani da ƙwaya. Haɗe-haɗen ƙarfin maza da na basir da ake sayarwa a jarka ba suna ba lamba, a bar su tun yanzu. Babu mai iya rantsuwa kan abin da aka zuba a ciki. Mace mai al'ada ta jira kwana biyu zuwa uku bayan ɗaukewa, don jini a fitsari kan sa a zargi ƙoda.

Dillalin da ya ce ka ba shi kuɗi ya kawo maka takardar lafiya ba tare da ka je asibiti ba, ramin mugunta yake gina maka. Saudiyya da Daular Larabawa suna sake gwaji bayan ka sauka, kafin a ba ka iƙama, wato takardar izinin zama. In abin da aka ɓoye ya fito, a mayar da kai, galibi da hanin sake shiga.

Wasu ƙasashe, irin su Tailan, Malesiya da Indonesiya, suna neman takardar wankewa daga hukumar NDLEA kafin biza. A nema da wuri. Katin rigakafin shawara yana fara aiki kwana goma bayan allura, kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Maganin hawan jini ko sukari da za ka tafi da shi ya zauna cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita, masu sa barci ko kashe zafi mai tsanani kuma Daular Larabawa na buƙatar a nemi izininsu daga hukumominta kafin a taso. A filin jirgin Kano ko Abuja, kada ka karɓi saƙon kowa, ko na ɗan uwa ne, sai ka buɗe ka gani da idonka, ka kuma ƙirga lambobin jakunkunan da aka liƙa a tikitinka, su yi daidai da yawan kayan da ka miƙa.