Togaciya a takardar inshora: mece ce, kuma ina iyakarta?

Togaciya a Hausa ita ce ka yi magana sannan ka ware wani abu daga cikinta: kowa ya shigo ban da wane. A takardar inshora ma haka take. Kamfani ya yarda zai biya diyya idan ka jawo wa wani asara, sai can ƙasa da ƙananan haruffa ya jera yanayin da ba zai biya ba. Ta fi ciwo a inshorar ɗaukar alhaki, wato wadda ke biyan mutumin da ka yi wa ɓarna, domin idan kamfani ya zame, bashin a wuyanka zai sauka.

Wani maƙwabcina a Agege yana da ƙaramar mota da ya yi wa inshorar mutum na uku, wato ta ɗaukar alhakin ɓarnar da motar ta yi wa wani, wadda NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, diyyar dukiya kuma ta koma har miliyan 3. Takardar na nannaɗe a aljihun gaban mota, ba ya fito da ita sai a shingen 'yan sanda. Ranar da ya ɗauko kwandunan tumatir na haya daga kasuwar Mile 12 ya bugi bayan wata mota, ma'aikacin kamfanin ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya ya ce, "Alhaji, ai motar nan ta hawan gida aka rubuta, ba ta haya ba." Daga aljihunsa ya gyara motar mutane.

Ya ji zafi, amma ni ban ga zalunci a wannan ba. Motar haya ta fi yawo, haɗarinta ya fi yawa, kuɗin inshorarta ma daban. Togaciyar da ake kuka da ita ita ce wadda ba ta da alaƙa da abin da ya faru, an dasa ta ne kawai don a sami ƙofar gudu.

A nan doka ta sa baki. Dokar Inshora ta 2003, a sashe na 55, ta ce saɓa wani sharaɗi ba ya ba kamfani damar ƙin biya sai in sharaɗin yana da muhimmanci kuma ya shafi haɗarin ko asarar. Tsohuwar dokar inshorar motoci ta 1945 ta fi haka tsauri inda aka rasa rai ko aka ji rauni: kamfani ba zai hana wanda aka buge haƙƙinsa ba da hujjar shekarun direba, ko lalacewar mota, ko yawan mutanen da aka ɗauka, ko nauyin kaya. Zai biya, daga baya ya bi mai motar ya karɓi kuɗinsa. Hikimar a fili take, mai tafiya a ƙasa a Oshodi bai sa hannu a takardar kowa ba. Kotuna kuma, idan lafazin togaciya ya ɗauki ma'ana biyu, sukan fassara shi a kan wanda ya rubuta. A shekarar 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora da ta maye gurbin ta 2003 da ta 1945, don haka mai shari'a yanzu sai ya sa lauya ya duba masa sabon lafazin.

Wanda aka hana diyya ya nemi a ba shi dalili a rubuce, da lambar sakin layin da aka dogara da shi, sannan ya kai ƙorafi NAICOM. Maƙwabcin nawa dai ya sake yankar inshora, wannan karon ta motar kaya, ya kawo min takardar na karanta masa bayan sallar isha'i.